Tsohon Tela da Yarinyar Aji Biyu

Tunda ka ce kai ba malami ba ne, ba ka da abin da za ka tsinana wa yaran nan kafin gwajin karatunsu, to saurari wannan misalin.

An yi wani tsohon tela a wata unguwa, wanda yanar ido ta rufe masa gani har ya daina gane kafar allura. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu cikin duniya neman abinci, masu kawo ɗinki kuma suka koma wurin wasu. Kullum sai ya shimfiɗa tabarma a zaure kusa da keken ɗinkin da ya lulluɓe da tsumma, ya zauna yana jin takun mutane suna wucewa. Wani ya yi masa sallama daga nesa, wani ko ita ba ya yi. Yakan wuni bai buɗe baki ba sai wurin salla. Ran nan bayan la'asar ya ji wata ƙaramar murya a bayan katanga tana kokawa da kalma guda, ta fara ta tsaya, ta sake farawa, daga ƙarshe ta fashe da kuka. 'Yar maƙwabcinsa ce, tana aji biyu. An ce musu za a gwada karatun kowa a ƙarshen zango, wanda ya kasa zai maimaita aji, abokansa su wuce su bar shi. Ubanta direba ne, ba ya kwana gida, uwarta kuma tana can bakin kasuwa kan tukunyar abincin sayarwa. Tsoho ya kira ta ya ce, "Jikata, ni ba na gani. Zo ki ara mini idonki, in ji abin da ke cikin littafin nan."

Tun daga ranar ta riƙa zuwa. In ta cije a kalma, sai ta kira masa baƙaƙe da wasula, shi kuma ya ce ta haɗa su sannu a hankali. Bai taɓa yi mata tsawa ba, iyakarsa ya karkato kunne ya ce, "To, daga nan sai me ya faru?" Don ta ba shi amsa, dole ta karanta layi na gaba. Da haka harshenta ya warware. Ranar gwaji ta karanta shafinta tiryan-tiryan, ta ci. Aka yi hutu, aka tafi da ita ƙauye wurin kakanni, zaure ya koma tsit. Shirun nan ya fi na da nauyi, domin yanzu kunnensa ya saba da murya. In la'asar ta yi sai ya gyara gefen tabarma, sannan ya tuna, ya janye hannunsa. Ya ce a ransa, buƙatarta ta biya, ai yaro ba ya waiwaye.

Ana gobe za a koma makaranta, sai ya ji sallamar yarinyar. Ya ce, "Ai gwaji ya wuce, jikata." Ta ce, "Na sani, Kaka, littafin ne bai ƙare ba. Ga ƙanena ma na kawo, bana shi za a gwada." Tsoho ya matsa musu, ya goge ido da bakin riga.

Shi ya sa Hausawa suka ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.