Zoben Barcin Inna Dije

Tun da aka kafa dokar sa wa masu ciwon mantuwa zoben barci, gidan kula da tsofaffi na bayan gari ya yi tsit. Da hantsi Tasalla ta zo sa hannu a sabunta zoben mahaifiyarta, Inna Dije, amma ta kasa zama. Ta leƙa ɗakin da Inna take, ta fito, ta sake komawa. Tsofaffi goma sha biyu ne kwance, duk a gefen dama, numfashinsu na fita tare yana komawa tare.

"Awa goma sha shida take yi tana barci kullum," in ji Barmani, ma'aikaciyar jinya. "Masu bincike sun ce a ƙara mata biyu. Ta daina yawo, ta daina faɗuwa."

"Tana kiran sunana?"

"Hajiya, ai yanzu ba ta kiran kowa. Ta huta."

Tasalla ta yi ta juya biro a hannu. Bara, kafin zoben, wajen yawon neman Tasalla Inna ta faɗi ta karye a ƙugu.

"In na ƙi sa hannu fa?"

"Sai ki tafi da ita yau. Haka dokar take."

Ɗaki ɗaya Tasalla ke da shi, a hawa na tara, ga aiki. Duk da haka ta durƙusa, ta zare zoben a hankali. Inna ta buɗe ido, ta daɗe tana kallonta.

"Baiwar Allah, ba ki ga 'yata ba? 'Yar ƙarama ce, ba ta ci abinci ba."

"Na gan ta, Inna. Tashi in kai ki."