Birkin da Bai Yi Sabo Ba

Isyaku, kashe motar nan tukuna ka jawo benci. Daga gareji kake, an sa maka sabon birki, kana ta ɗokin kama hanya kamar wanda ya bar tukunya a kan wuta. Kai ba yaro ba ne, ba zan yi maka faɗa ba. Misali zan ba ka, ka yi yadda ka ga dama da shi.

Akwai wani direba mai akori-kura, shekara goma sha biyar yana tuƙi, ko kaza bai taɓa takewa ba. Matarsa ta tafi wankan gida ƙauyensu da ke kan dutse, haihuwar fari ce, bayan sun daɗe suna nema. Ranar da ta yi arba'in, ya ce ba zai ɗauko mai jego da jariri da tsohon birki ba. Ya yi sammakon gareji, aka canza masa gaba da baya. Ka ga ke nan ba sakarai ba ne, ƙauna ce ta kai shi. Da makaniken ya gama, wani dattijo ne marar yawan magana, sai ya ce masa: "Birkin nan sabo ne, amma bai yi sabo da motar ba. Ka fita bayan gari inda ba jama'a, ka ɗan yi gudu ka taka a hankali, kada ka tsaya cak, ka saki, ka sake, kamar sau goma, sannan ka yi tafiya ya huce. Yau kuma kada ka yi mata lodi." Direban ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa jin an sayi sabon abu an koma lallashinsa ba. A wurinsa sabo ya fi komai ƙarfi. Bai san birki da ƙarfen da yake kamawa kamar dutsen niƙa ne da ɗansa ba, sai sun gogi juna sun zauna daidai kafin su yi aikin kirki. Ya dubi rana, ya tuna matan gidansu sun ɗora girkin tarba, an ce la'asar ta yi musu a gida, ya ja mota.

Zuwa hawa ne, ko sau uku bai taka birki ba. A can surukai suka loda masa gara: buhunan gero da shinkafa, jarkokin man gyaɗa, ƙullin daddawa da kuka, har mota ta zauna. Kunya ta hana shi cewa a rage, wa zai dubi idon suruki ya ce kyautarsa ta yi yawa? Matar ta shiga gaba da jaririn a cinya. Gangarar dutsen nan doguwa ce, da can da ƙaramar giya yake saukowa, mota na kuka yana haƙuri da ita. Ran nan ya bar ta a babbar giya ya ɗora ƙafa a birki, ai sabo ne. Kafin ya kai rabi, ƙauri ya cika motar. Birkin ya yi zafi, fuskar birkin ta yi santsi kamar tangaran. Ya taka, ya ƙara takawa har ya miƙe tsaye a kai, mota ba ta ji ba. A kwanar bakin gada ta kife.

Jaririn ko ƙwarzane bai yi ba, don uwar ta dunƙule a kansa. Ita kuwa ƙauyen aka mayar da ita, aka yi mata sutura kafin magariba. Abincin da aka dafa don tarbarta, masu zuwa gaisuwa ne suka ci. Kowa ya ce masa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, babu mai ja da wannan. Amma ni na san mutumin, na zauna da shi, wallahi har yau in na tuna fuskarsa sai zuciyata ta karye. Bai zargi makanike ba, bai zargi surukai ba. Ƙanƙantar abin ce ke cinsa. Da ya bi magana, da ya sauko a hankali, iyakarta su iso bayan la'asar, ƙannensa mata su yi masa tsiya, ya ci tuwo mai sanyi. Yaron yanzu yana aji uku, yana tambayar kakarsa ko uwarsa doguwa ce. Ɗakin da aka yi wa sabon daɓe don dawowarta, ba ta taka shi ba.

To, Isyaku, mutanen da sun riga mu faɗa: sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.