Takardar Ƙunshin Ƙosai

Lokacin tsinkar tumatir a Kadawa, Inna kan soya ƙosai da la'asar, in kai wa leburori gona. Da tsohon littafin Turancin yayana take ƙunshewa. Ran nan na damƙe wani shafi mai hoton yarinya da akuya.

"Ke, sakar min takarda! A hannu zan zuba wa mutane?"

"Inna, so nake in san me ta ce wa akuyar."

Ta daɗe tana kallona har ƙosai ya ƙone. Sannan ta ninke shafin ta cusa min a ɗankwali. "Ajiye. Ran da kika iya karatu, ki gaya min."

Sai da na aurar da 'ya na shiga ajin manya. Yanzu na iya, ba mai karanta min komai. Inna ce ba ta jira ba.