Alamar da Miran Ta Roƙa

Gahawa ta huce a gaban Miran, ita kuwa tana ta kokawa da jimla guda tun da aka shiga aji.

A wannan makaranta ta birnin San José ake tara sababbin 'yan mishan, su koyi Sifaniyanci da zama da mutane kafin a watsa su ƙauyukan Peru da Bolibiya. Manyan masu wa'azi, waɗanda a garuruwansu sukan sa jama'a kuka, nan sai ka gan su sun koma 'yan yaye, ko burodi ba sa iya saye sai da nuni. Miran 'yar Koriya ta fi kowa shan wuya. Harshen nan ya ƙi ta kamar ta zagi uwarsa.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yi mata dariya ba, wato Doña Xinia, malamar hira. Tsohuwar hannu ce, kuma abin tinƙahonta a duniya ɗaya ne: ba a taɓa yin ɗalibin da ya bi ta hannunta ya tattara ya koma gida ba. Takan kawo wa Miran alalar masara a ganyen ayaba, ƙulle cikin ƙyalle mai zanen korayen tsuntsaye. Ba ta dai gayyatar ɗalibai gidanta, ta ce gida na hutawa ne.

Ana tsakiyar zango yayan Miran ya kira daga Daegu, garinsu a Koriya. Babansu ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. "Ki dawo," in ji shi. "Sunanki kawai yake iya faɗa."

Miran ta rasa tudun dafawa. In ta tafi, ta juya wa kiran Ubangiji baya. In ta zauna, wataƙila ba za ta sake ganin tsohon da rai ba. Doña Xinia kaɗai ta faɗa wa abin da ta yanke.

"Malama, na roƙi Allah alama irin ta Gidiyon na cikin Littafi Mai Tsarki. In mutum ɗaya ya karɓi Almasihu ta wannan gurgun bakin nawa kafin zango ya ƙare, na zauna. In ba haka ba, na tafi wurin Babana."

"Kada kowa ya ji, 'yata, tsakaninki da Allah ne," in ji malamar. "Amma alama ba ta iske mutum a ɗaki. Akwai dandali bayan gidan burodi, tsofaffi na zama can."

Dama dokar makaranta ce kowane ɗalibi ya fita da yamma ya nemi abokin hira. Miran ta je. A kan benci ta tarar da wani tsoho yana watsa wa tattabaru ɓarɓashi.

"Ga wata kuma! Ku 'yan mishan kun fi tattabarun nan yawa. Zauna, 'yar Caina."

"'Yar Koriya ce ni, Baba."

"Duk kanwar ja ce. Ni ne Don Efraín. Ni da Allahnku mun ɓata tun ina saurayi, kada ki wahalar da yawunki."

Abin mamaki, ta gane kowace kalma. A hankali yake magana, yana raba kalmomi, ba irin na masu tasi ba. Ta koma washegari, ta kuma komawa. Yakan yi mata gardama, ya tsokane ta, ya kwance ƙyallensa mai tsuntsaye ya gutsura mata abin da ya zo da shi. Tambayoyinsa kuwa sai su faɗa daidai kan abin da aka koya a aji makon nan. Miran ta ce hannun Ubangiji ne.

Wata yamma ana yayyafi, tsohon ya cire hularsa ya ce ya gaji da gudu. Ya durƙusa ƙarƙashin laimarta yana bin addu'ar da take ja masa. A wani wuri kalma ta kuɓuce mata, shi ya cika mata. Ta yi kuka har ta shiɗe don murna, a ranar kuma ta soke tikitin jirgin da ta tanada na komawa gida.

Damina ba ta ƙare ba Baban Miran ya cika. Ta waya Miran ta kalli jana'izarsa. "Kin yashe shi saboda baƙi," in ji yayanta, daga nan bai ƙara ɗaga kiranta ba. Maganar ta ci ta ƙwarai, amma tana da abin riƙewa. Ta rasa ganin uba, ta samo wa Allah rai guda.

Sai dai bencin ya zama wayam, tun ranar addu'ar nan Don Efraín bai ƙara zuwa ba. Doña Xinia ta ce sanyin damina ne, tsofaffi ba sa jure shi.

Ranar Litinin ta hutu, baƙin ciki ya taso wa Miran har ɗaki ya yi mata kaɗan. Kafaɗa take nema ta jingina, kuma uwa ɗaya ta sani a ƙasar nan. Maigadin makaranta ya kwatanta mata gidan Doña Xinia: daga tsohon ɓaure ta yi kudu, gida mai shuɗiyar ƙofa. Ta tsaya a bakin shinge ta yi sallama.

Ƙofar ta buɗe. Don Efraín ne, da silifas ɗin zaman gida, cokali a hannu. Miran ta buɗe baki za ta gode wa Allah da ya sake haɗa su, sai ta ga tsohon ya sunkuyar da kai, ya kasa haɗa ido da ita.

Daga cikin kicin muryar Doña Xinia ta taso: "Efraín, maigida, wane ne? In 'yan cocinka ne, ka ce musu shekara talatin kana yi musu fasto, su bar ka ka ci abinci da matarka ko yau ɗaya!"