Sakatar Firiza

Karo na huɗu ke nan cikin wata ɗaya da mai walda ya ɗaga murfin firizar gidansa ya tarar nama ya saki, jini kwance a ƙasa. Ya zabga mata ƙafa har sai da ta gusa daga bango.

Mutum ne da bai yarda akwai abin da ya fi ƙarfin hannunsa ba, ƙarfe ne ko ɗan Adam. Ya jawo ta tsakiyar ɗakin ajiya, ya kakkaɓe ƙurar bayanta, ya kasa kunne. Injin na gurnani lafiya lau. Robar bakin murfin ce kawai ta lotsa a gefe ɗaya, ledojin naman kuma sun baje kamar an zauna a kansu. A bayan firizar ya tsinci silifa ƙafa ɗaya na 'yarsa mai shekara biyar, ya wurga shi tsakar gida.

Sau biyu ya taɓa tarar da filogin a ƙasa. Matarsa ta ce tsintsiya ce ta zare shi. Amsar nan ta ci mata haƙori ɗaya.

Ita dai yarinyar ba ta ba shi ciwon kai. Da ya ɗaga murya sai ta ɓace ɓat, ba kuka ba motsi, sai ƙura ta lafa. A wurinsa tarbiyya ke nan, har bugun ƙirji yake yi da ita a shago.

Ranar Asabar da safe uwa da 'ya suka tafi kasuwa. Ya yanke filogin, ya haɗa wayar kai tsaye da bango. Ya liƙa wa murfin sakata mai kulle kanta, ya gwada ta da sifana a tokare a bakin murfin, duk da haka ta kama. Ya jefa mabuɗin a aljihu yana jin kansa gwani.

Da la'asar ruwan wankansa ya huce, kuma a gidan nan wannan ma laifi ne. Ya zare bel. Kamar kullum matar ta bi ta ƙofar ɗakin ajiya da gudu, ta ɗan miƙa hannu ciki ta fizgi wayar firizar ba tare da ta duba ba, sannan ta ja mijin can ƙuryar ɗakin kwana. Ta rufe kai da hannuwa. Ya yi ta tafkarta da ƙarfen kan bel ɗin har leɓenta ya fashe, har hannunsa ya gaji.

Ya zauna bakin gado yana haki.

“In kin isa ki sake lalata min nama,” in ji shi. “Babu sauran filogin da za ki zare, na haɗa wayar da bango. Murfin kuma da ya sauka ya kulle. Mabuɗi na nan.” Ya bubbuga aljihu.

Ta ɗago kai. “Da ya sauka?”

“Da ya sauka.”

Shekara bakwai matar nan ba ta taɓa nuna masa ko yatsa ba. Ta suri dutsen guga ta maka masa a wuyan hannu, ƙashi ya ce ƙas. Na biyu ya same shi a gefen kai, ya kife. Ta taka masa wuya, ta yage aljihun har da wando, ta fizge mabuɗin, ta fita a guje tana tuntuɓe.

Yana kwance jini na cika masa ido, ya ce a ransa wannan mata ta haukace, duk a kan nama. Kunnensa na kan siminti, don haka ya ji injin yana gurnani daram, yadda ya gyara shi. A ƙarƙashin gurnanin kuma ya ji wani ɗan hannu yana ƙwanƙwasa ƙarfe daga ciki, da wata siririyar murya mai karkarwa: “Umma, Baba ya gama? Yau ya ƙi buɗuwa.”