Kunnen Baba Bakanike

"Baba, an ce kunnenka ya fi kwamfuta. To ga ta, saurara."

Matar da ta kawo motar ta ɗaga masa bonet, duk garejin nan na unguwar Sarkin Dawaki ya zuba ido. Sati biyu ke nan da aka sauke mata tsohon inji aka ɗora mai turbo, na'urar da ke hura wa inji iska, amma da motar ta kama hawa a hanyar Sunkani sai ta shaƙe, ta yi ta aman baƙin hayaƙi. Gareji uku sun gwada sun sallama.

Tsoho ya bugi ƙirji. "Ni da ban taɓa taka ƙofar aji ba! Ni da tanka ta fashe a gabana a hanyar Lau, na fito da ƙafata! Shiga ki taka totur, 'yata."

Abin da bai gaya wa kowa ba, tun ranar tankar nan kunnuwansa ke mutuwa; bana leɓen mutane yake karantawa. In ya kasa yau, asirinsa ya tonu.

Injin ya ɗauki ruri, shi kuwa bai ji komai ba. Ya sunkuya, ya lumshe ido, yana bin injin da fuska a hankali. Daidai tiyon da ya fito daga turbo, farin gemunsa ya kaɗa.

Ya miƙe. "Iska ke zurarewa. Ga tsaga nan ƙasan tiyo."

Ta fito ta leƙa. Ya karanta a leɓenta: "Kai, Baba, wannan kunne naka!"

Ya shafa gemu. "Shekara arba'in ina kiwonsa, 'yata."