Minti Goman Injin Saƙa

Sati uku Vusa ya yi yana kwashe shirin tsohuwar kwamfutar masaƙa zuwa sabuwa, layi bayan layi. Marigayi Dube, mai masaƙar, shi ya rubuta shi da yaren inji tsantsa, tun ba a haifi Vusa ba. Tsohuwar ɗaki-ɗaki take raba ƙwaƙwalwarta, in lissafi ya kai bango sai ya dawo bakin ƙofa. Sabuwar kuwa fili ne fetal, babu bango ko ɗaya.

Ranar gwaji injin ya tashi, rigunan sanyin 'yan makaranta suna fitowa tsaf. Har tsohon ciwonsa ya warke, tsayawar nan ta minti goma da yake yi kullum da hantsi.

MaTshuma, matar marigayin, ta dubi agogon bango, ta dubi Vusa.

"Ka ɓata min inji."

"Gyara shi na yi, Mama. Ya daina tsayawa."

"To, shi ne ɓatawar, injiniyan jiya. Mijina ne ya sa tsayawar nan, ba ciwo ba ne. Shekara talatin da shida ina shan shayina a cikinta. In ba ta dawo ba, kwashe akwatinka."

Ga makarantun birnin Bulawayo za su buɗe Litinin, sanyi ya kawo kai, tsohuwar kwamfutar kuma ta mutu murus. Vusa ya nuna mata rigunan da za ta ƙara samu kullum. Ko kallo ba su ishe ta ba. Matar da masu sayar da zare ke ɓuya in sun hango ta! Ya san in ta kore shi, duk masaƙun garin sai sun ji kafin la'asar.

Ya koma tsohon shirin ya bi sawun lissafin har bango, ya duba inda yake faɗawa in ya juyo. Can ya tarar da wasu 'yan layuka a ɓoye, da gangan aka sa su. A gefensu marigayin ya rubuta: "Don Zodwa ta huta, ni kuma in gan ta."

Vusa ya yi murmushi. Ya tambayi tsohon maigadi sunan yankan MaTshuma.

"Senzeni," in ji maigadi.

Murmushin ya tsaya cak.

Ya gina wa sabuwar kwamfutar bangon ƙarya, ya mayar da layukan nan bayansa yadda suke. Washegari da hantsi injin ya tsaya. MaTshuma ta zuba shayi kofi biyu, ta miƙa masa ɗaya, ta zauna ta miƙe ƙafa.

"Ka ga sunan Zodwa, ko?"

Shayin ya sarƙe shi.

"Kar ka kuskura ka goge shi. Ita ya yi wa minti goman, gaskiya ne, ita ke kan injin a lokacin. Sai dai sakarya barci take yi a cikinsu. Ni nake kai masa shayi."